Daminar Da Awakin Jibiya Suka Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da awakin garin nan suka yi taro a bayan katangata. Yau ina ba da labarin ina dariya, amma a ranar, wallahi da ƙasa ta tsage da na shige (ko da yake shiga ƙasar ce ta ja mini abin tun farko).

Lokacin Turawa ba su tafi ba, nan Jibiya ƙasar Ingilishi, can tsallake ƙasar Faransi. Mahaifina fatoma ne, wato mai saukar fatake: su kwana a gidanmu, mu adana musu kaya, mu nemo musu masu saye. Da Allah ya yi masa rasuwa sana'ar ta faɗo kaina, ga ƙuruciya, ga ɗan banzan son a sani. Babban baƙonmu shi ne Baba Nomau, dattijo mutumin Maraɗi, aminin mahaifina, mai fataucin kantu, gishirin nan mai dogon kai da ake ba dabbobi. Inda ya durƙusar da raƙuminsa, nan sauran fatake suke sauka. Kowa ya zuba ido ya ga ko zai ci gaba da sauka wurin yaro ko zai sake gida. In ya tashi, gidanmu ya tashi.

To, da rani na je Maraɗi, na shiga kantin wani Bature mai sayen gyaɗa. Sai na ga ya ɗaga wani katako a ƙasa ya sauka da tsani. Na leƙa. Ɗaki guda a ƙarƙashin ƙasa, sanyi kamar cikin randa, ya jera kwalabensa. Na kalli tsanin, na kalli rufin, na haddace komai. Abu guda ne ban kalla ba: kantinsa a kan tudu yake, ni kuwa daga ƙofar gidana ana hango gulbi.

Ina dawowa na sa aka haƙa mini nawa a ƙarƙashin ɗakin ajiya. Aka yi daɓe, aka rufa da azara, aka kafa tsani. Kuma gaskiya, da bazara ya yi daɗi! Bayan azahar dattawan unguwa sai su yi ta sallama, wai sun zo gaisuwa, alhali sanyi suka zo sha. Wani har daga Daddara ya tako don ya gani da idonsa. Kaina ya kumbura, tafiyata ma ta sake. Matata Delu ce kaɗai ta ƙi sauka. Ta ce, “Maigida, ni ba na shiga rami da ƙafata, sai ranar da aka ɗauke ni.”

Gab da damina Baba Nomau ya zo da ragowar kantunsa. Zai koma gida noma, sai gishiri ya yi wuya a kasuwa ya dawo a sayar. Ya ce in ɗora masa a kan gadon kara a ɗakin da mahaifina ya saba ajiyewa. Na ce to. Yana juya baya na ce a raina, haba, kayan babban baƙo a tsohon ɗaki? Na kwashe su tas na jera a ɗakin ƙasa, na rufe, ina ta saƙa yadda zai yabe ni.

Ruwa ya sauka, muka dukufa gona wajen Magama, ba wanda ya sake neman sanyi. Sai tsakiyar damina na ɗaga murfin don in duba. Na zura ƙafa a tsani, na ji tsulum! Kantun ƙasa sun narke, na sama sun rufto cikin ruwa, suna ta zagwanyewa. Na tsamo ’yan waɗanda suka yi saura na tura ƙarƙashin gado. Delu ta tsoma yatsa ta ɗanɗana ta ce, “Maigida, saura kuka da daddawa.” Ban yi dariya ba.

Da farko na zaci yoyo ne, na hau sama na yaɓe ko'ina. A banza. Na kwashe ruwan da ƙwarya har na ga daɓe, sai ga shi yana tsattsafowa daga ƙasa, a hankali, ba ko gaggawa. Na liƙe da yumɓu, ya ɓullo ta gefe. Na zuba toka da tsakuwa na daddaɓe, ya ɓullo ta bango. Duk abin da na kwashe da safe, kafin la'asar ya mayar mini da shi har da gyara. Kuma ban gaya wa kowa ba. Ni da aka zo kallo daga Daddara? Ruwan kuwa ta magudanar bayan gida muke tuttular da shi, don kada a gani.

Mutane ba su gani ba. Awaki suka gani.

Akuyar maƙwabci ce ta fara, tana lasar bakin magudana. Kashegari ta gayyato danginta. Tumaki suka biyo. Kafin a jima, makiyayin da ke wucewa da shanunsa zuwa mashaya sai ya yi ta dukan iska da sanda, shanu sun ƙi gaba, sun kafa kai a katangata. Suka lashe ƙasar, suka koma lasar ginin har gindin katanga ya rarake. Maƙwabta suna tambaya, ni kuwa ina cewa, “Ikon Allah, ni ma abin ya ɗaure mini kai.” (Allah ya yafe mini, har da riƙe haɓa nake yi.)

Ranar wata kasuwa sai ga Baba Nomau da fatake a bayansa. Na zuba babbar rigata na fita tarye, ina shirya yadda zan fara ba shi abinci, in lallaɓa maganar. Raƙuminsa bai ba ni wannan damar ba. Ya wuce ƙofar zaure, ya ratsa cikin awaki, ya gurfana a bakin magudana ya hau lasa. Aka ja akala, ya ƙi. Baba ya sauko, ya dangwali ƙasar ya kai baki. Ya juyo ya ce mini:

“Ɗana, gishirin ga na san shi. Mu tahi ka gwada mani inda ka aje shi.”

Na shige gaba, shi da fatake da rabin unguwa a baya. Na ɗaga murfi, na taka tsani don in yi bayani cikin mutunci. Ashe ƙafar tsanin ta ruɓe. Sai ji kake tsundum! Na tashi tsamo-tsamo, ruwa iya ƙugu, hulata tana yawo a gefe, kawunan mutane sun zagaye bakin ramin. Na lalubo wani guntun kantu da bai fi dunƙulen hannu ba, na miƙa sama na ce, “Baba, ga kayanka.”

Ba wanda ya yi dariya. Na ce shi ke nan, na kashe gidan ubana. Hawaye ya zo mini, na kwashe komai na gaya masa daga cikin ramin, har da Baturen da kwalabensa.

Baba ya tsuguna ya ce, “Rani da damina ubanka na sayen ruwa shi ba raƙumana. Kai ka samu ruwa cikin gida, ka tsaya kana ta faɗa da shi? Hito ka sake riga. Gishiri kau, hatsinka na bana ya biya.” Sai a nan dariya ta ɓarke, Delu ce kan gaba daga bayan zana.

Haka aka yi. Hatsin, wato geronmu, ya tafi Maraɗi, muka ci tuwon dawa a shekarar ba mu mutu ba. Da rani aka yaye rufin, aka ƙara wa ramin zurfi, aka ɗaure bakinsa ya zama rijiya. Aka yi ta kwasa har ɗanɗanon ya fita. Ga ta nan har yau, jikokina suna ja, ana kiranta Rijiyar Gishiri.

Da kaka ta kewayo na yi ta zaman ƙofar gida ina duban hanyar Maraɗi. Sai ga raƙumin, ya durƙusa a ƙofar zaure, fatake a bayansa. Baba bai ko sha ruwa ba sai da ya shiga tsohon ɗakin mahaifina, ya buga ƙafa a ƙasa ya saurara, sannan ya ɗora kantunsa a kan gadon kara da hannunsa.

Tun daga ranar, in na ga wani abin sha'awa a gidan wani, kafin in tambayi yadda aka yi shi sai na fara fita waje na duba ina gulbi yake. Sirri kuma, duk wanda zan ɓoye wa mutane, sai na tabbata akuya ba ta son ɗanɗanonsa.