Ranar da Na Shafa wa Izgar Celo Man Kaɗanya

Ko na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba. (Jikata ce ke rubutawa, ni ko alif ban sani ba.)

Shekarar da soja suka miƙa mulki Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ne ya tsaya wa ɗanmu Habibu ya koyi wani ƙaton goge na Turawa, wai shi celo, ni kuwa kullum zagi nake. Da muka binne Malam sai na ce bari in zama uwa tagari, ko da a makare.

Habibu ya dawo daga Legas, inda yake kiɗan Turawa, na dā da na zamani. An gayyace shi wasa a wani zauren taro a Tarauni, wasansa na farko a garinsu. Ya fita aski, na buɗe akwatin celon. Sai ga izgar bakan da yake gogawa ta bushe ƙamas, duk farin gari. Ni da na tsufa ina kitso a Gyaɗi-Gyaɗi, a nuna mini gashi mai amosani? Na ɗauko man kaɗanya na mulke ta har tana ƙyalli. (Ashe garin ƙaro ne, shi ke sa ta kama tsirkiya.)

Ban tsaya nan ba, don wautata ba ta son kaɗaici. Na tara matan layi su ji ɗan Malam kafin manya su ji.

Da ya dawo, ya zauna, ya rungume abin, ya ja baka. Shiru. Ya sake ja. Sai wani huci kamar tsohuwa ta hau bene. Ya shinshina izgar, ya dube ni.

"Inna, kitso kika yi mata?"

Maƙwabciyata Maman Ngozi ta cusa bakin zani a baki. Wata kuma ta ce lallai kiɗan Turawa akwai natsuwa.

Baka ɗaya gare shi, kaf Kano babu na aro. Haka ya je ya yi wasan da yatsu, yana tsinkar tsirkiya kamar mai gurmi. Samari sun tafa, wai sabon salo. Waɗanda suka gayyace shi ba su sake nemansa ba.

Habibu bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi ciwo. Da Malam na nan da ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, in ji haushi, in huce. Yanzu ni ke yin dariyar, ni ke yin kukan.

Abin da na koya: shekarun da na yi ina zagin sana'ar yaron nan ban rage shi da komai ba. Rana ɗaya na taimaka, na kashe masa kasuwa.