Rasuwar Hajiya Mai Tabo, Wadda "Ba Iyaka" Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani fushi da har yanzu bai huce ba, ni Habibullahi Mode, manomin albasa a fadamar Wurno, a madadin iyalina da duk masu kusanci da aljihuna, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Wurno da Rabah da Goronyo rasuwar wayata, abokiyar shawarata, Hajiya Mai Tabo. Ta cika ne da tsakar rana, a ɗaure a kan gora, a saman rudun da nake ajiyar albasa, tana bakin aikinta. Ba zan yi mata kalmomin da ake yi wa ɗan'adam ba, domin ni na san iyakata. Akwai waɗanda ba su san tasu ba, kuma za mu zo kansu.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa da ban taɓa zuwa ba. Ta yi aure biyu kafin ta iso hannuna a kasuwar Goronyo, kuma ban taɓa yi mata gori a kan haka ba. Tabon da ke goshinta ta same shi ne ranar da ta zame daga aljihuna ta bugi injin ban-ruwa, ta tashi ta ci gaba da aiki ba tare da ta kai ƙara wurin kowa ba. Hajiyarta kuwa ba ta aro ba ce. Kawuna Alhaji Uwaisu ya are ta shekarar da ya sauke farali, ta je ta dawo a aljihunsa, cike da hotunan babban yatsansa.

Mace ce mai kunya, ba ta da yawan surutu. Da asuba takan ce "tirrin, tirrin" sau biyu, in na yi kamar ban ji ba ta ƙara. In saƙo ya shigo takan ce "ƙwal" a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ba ta taɓa yin kuka a masallaci ba. Amma babban alherinta shi ne ta buɗe mana kunne. Kafin zuwanta, Lauwali dillali ne kaɗai ke gaya mana yadda albasa take a kasuwannin Kudu, kuma kullum labarinsa ɗaya ne: kasuwa ta faɗi. Shekara da shekaru kasuwar nan tana faɗuwa, gidan Lauwali yana tashi. Da Hajiya ta zo, ita ta haɗa ni da Almustapha, ɗan Rabah da ke sana'ar albasa a Fatakwal, yakan saya kai tsaye daga hannun manomi. Lauwali bai taɓa yafe mata ba.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin ƙyalle a wuya, da abin sawa a kunne wanda kunnensa ɗaya ya riga ta tafiya, da murfin roba da yanzu yake zaune shi kaɗai a kan taga. Ta bar uwargidana Mahbuba, wadda ta saba jin muryar ƙanwarta ta Boyekai ta bakinta. Ta bar layi ɗaya, ɗan cikinta, wanda ba zan ce komai a kansa ba saboda ana makoki. Sannan ta bar marayu rudu guda, albasar da na sha wahala a kanta tun daga dashe har cira. Da ita na yi wa Mahbuba alkawarin kwanon rufin ɗakinta kafin damina, domin bara, saboda yoyo, a zaune ta riƙa kwana da tasoshi kewaye da ita.

Ga yadda ciwon ajali ya fara. Wata mota ta zo garinmu da lasifika da 'yan rawa, daga wani kamfanin layi da ba zan ambaci sunansa a takardar makoki ba, don kada in ɓata takardar. Abin da suke shela kalma biyu ce: ba iyaka. Ka biya na wata, ka yi ta amfani da data har ka gaji. Mu manoma mun san iyaka. Ita ce kunyar da ke tsakanin gonarka da ta maƙwabcinka, wadda ake dasa wa gamba ko a kafa dutse don kowa ya gani. In an ce maka fili ba shi da iyaka, ka san ba dutse, ba gamba, ba wanda zai tare ka. Muka biya da murna, ni da maƙwabtana kusan duka, a rana ɗaya.

Farkon wata Hajiya ta yi ta rawar jiki kamar amarya. Kafin wata ya raba sai ta fara wani abu da ban san ta da shi ba. In na ce ta buɗe hoto, sai wani ɗan zobe ya fito a fuskarta ya yi ta juyawa. Ba ta ƙi ba, ba ta kuma yi ba. Masu baki suka ce tsufa ne, wasu suka ce lalaci. Ina so waɗanda suka faɗi haka su karanta wannan sanarwa har ƙarshe, su kuma ji kunya.

Ana cikin haka albasa ta fara nuna alamar gajiya da zama. Zafi ya yi yawa, hadari ya fara leƙowa ta gabas, na ga wasu sun fara fitar da kore a ka. Sai ga Almustapha ya kira. Marigayiya ta kawo muryarsa tsaf, kuma ina iya tuna kowace kalma: "Habibu, motata na Goronyo, akwai wuri ciki. Amma abokan cinikina sun ce sai sun ga kaya da idonsu, an taɓa cutassu da tsohon hoto. Ɗauko bidiyon rudun ga, ka tono ta ƙasa su gani. In ya iso kahin la'asar, mota ta biyo ta wajenka."

Na ɗauka. Na tono ta ƙasa, na yanka ɗaya gida biyu a gaban Hajiya don a ga cikinta fari tas. Na danna aikawa. Zobe ya fito.

Na garzaya wurin maƙwabta. Duk wayoyinsu zobe suke yi, tunda rana ɗaya muka sha maganin. Na kira kamfanin. Bayan an sa mini kiɗa har na kusa koyon waƙar, wata budurwa mai daɗin murya ta fito ta bakin marigayiya: "Datarka ba ta ƙare ba, ranka ya daɗe. Gudunta aka rage, bisa ƙa'idar amfani cikin adalci." Adalci! A bakin wanda ya karɓi kuɗin mota ya miƙo mini akalar jaki. Na danne zuciyata saboda albasa, na ce to a sayar mini da wata mai gudu yanzu-yanzu. Aka sayar mini. Zobe bai daina ba. Na sake kira, muryar nan ta ce: "Sabuwar da ka saya tana nan a ajiye. Za ta fara aiki da zarar ta farko ta ƙare." Jama'a, ku taya ni ji. Ta farkon ita ce wadda ba ta ƙarewa.

Abin da ya rage mini shi ne dabarar da kowa ke yi a nan in sabis ya yi rauni. Na ɗaure Hajiya a kan gora, na kafa a saman rudu, ko kusanci da sama zai taimaka. Ta tsaya cikin ranar nan ta Sakkwato, fuskarta a kunne, zobe yana juyawa, layin aikawa yana matsawa kamar ana jan sa da haƙori. Ba ta yi ƙorafi ba. Da azahar ta wuce ta ce "tit", na ɗauka godiya take yi. Ta sake cewa "tit". Da na sauko da ita jikinta ya fi murhu zafi, cikinta ya kumbura har murfi ya ɗage, fuskarta ta yi baƙi. La'asar ta yi, motar Almustapha ta cika da albasar wasu ta kama hanya.

Na kai gawar Rabah wurin Lukman mai gyara, don a san gaskiya a wanke sunanta. Ya buɗe ta, ya duba, ya ajiye abin aikinsa. Ya ce: "Baba Habibu, wagga waya ba tsuhwa yak kashe ta ba. Lahiyatta lau. Jira na yak kashe ta." Na roƙe shi ya maimaita a gaban shaidu, ya kuwa maimaita.

Da labari ya kai wa Kawu Alhaji Uwaisu, ya zo da sandarsa ya zauna a zaure. Sannan ya ce: "Habibu, mi a iyaka in ba abin da ido ka gani ba? A ce maka hili ba shi da iyaka, ka biya, ka shiga da garma, sannan ka ishe an gitta maka ƙaya tsakiya? Wanga ba ciniki na ba. Cin iyaka na, kuma mun san hukuncin mai yi nai."

Kada wani ya ce mun ƙi jinkiri ne. Mu da muke ban-ruwa mun fi kowa sanin ruwa mai gudu da ruwa mai rarrafe. Mu da muka haɗa inji ɗaya a fadamarmu, wanda fangalinsa, wato kwamin shukarsa, ke bakin ruwa ya fi ba da kuɗin mai, wanda ke can wutsiya, inda ruwan ke isa a gajiye, nasa kaɗan ne. Ba wanda ya karanta mana wannan a littafi, kunya ce kawai ta hana mu karɓar daidai daga wanda bai samu daidai ba. In kamfani yana da data mai rarrafe da ba ta ƙarewa, ya kawo, akwai masu so. Mahbuba ma ta ishe ta jin muryar ƙanwarta. Amma ya faɗi sunanta tun a bakin lasifika, ya rubuta gudunta da manyan baƙaƙe irin waɗanda ya rubuta "ba iyaka" da su, ya sa mata kuɗin rarrafe. In gudu ya ragu a tsakiyar wata, kuɗi ma ya ragu. Wanda kuma ya sayi mai gudu don wata larura, a ba shi a lokacin larurar.

Muna godiya ga duk waɗanda suka riga suka zo gaisuwa. Har Lauwali dillali ya zo, shi ne ma na farko, da ɗaurin buhuna a bayan babur. Ya durƙusa ya ce: "Sai haƙuri, Habibu. Allah shi ba da wadda tah hi ta. Kayan dai na nan ko? Ka san kasuwa ta hwaɗi." Kafin in buɗe baki Mahbuba ta ɗago mini murya daga bayan labule: "Malam, in don ɗakina na, bar shi shi yi yoyo. Na san inda tasoshina suke." Na raka shi har bakin babur, na taya shi ɗaure buhunansa yadda ya zo da su.

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya yarda. Lukman zai yi mata wanka da buroshi, ba da ruwa ba, domin ba ta taɓa son ruwa ba. Za a sa ta a sabon buhun albasa, a ɗora a amalanken jaki, saboda da irin wannan gudun aka kashe ta. Za a tsaya da ita a kasuwar Wurno, a kai ta Gandi ranar kasuwa, a kai ta Goronyo inda muka fara haɗuwa. A kowace kasuwa za a buɗe fuskarta, duk wanda wayarsa ke zobe ya zo ya gani. Ba ma karɓar gudunmawa. Ta'aziyyar da muke so ita ce in watanka ya ƙare kada ka sabunta, har sai sun kafa dutse inda ido zai gan shi. Daga nan za a wuce da ita Sakkwato a ajiye a ƙofar ofishinsu. Su suka san yadda aka yi, su binne.

Zaman makoki a gidana ne, kuma ba shi da iyaka. In kamfani ya aiko wakili, za a karɓe shi da mutunci, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura ƙwarya guda da nono mai kyau. Ya sha iya shansa, ba mai hana shi. Ludayin farko da na biyu da babban ludayi ne, daga nan za a karɓe a ba shi tsinken tsintsiya, bisa ƙa'idar sha cikin adalci. In ya nemi a mayar masa da ludayin, za a gaya masa yana nan a ajiye, sai ƙwaryar ta ƙare.

Albasar da ta tsiro zan mayar da ita ƙasa ta ba ni iri, baɗi ma ina nan a fadamar. Sauran kuwa ita ce sadakar marigayiya. Duk mai zuwa ya taho da buhunsa, ya shiga rudu ya ɗiba da hannu biyu. Ba wanda zai rage masa gudu, ba wanda zai sa masa kiɗa ya jira. Ku zo da wuri, hadari ya haɗu, ni da Mahbuba muna da tasoshin jerawa.

Sanarwa daga mai rashi, Habibullahi Mode, Wurno. Kada a kira, ba waya.