Ranar Da Na Tara Manoman Hawata

Na daɗe ina fargabar rubuta wannan. A ma'ajiyar irin riɗi da nake aiki a Gadarif, muhandis, wato injiniyanmu, ya haɗa rajistar kwamfuta da wata manhaja: da ka sa wa manomi alamar "iri ya iso", sai ta tura masa saƙon waya. Na ce na gane sarai. Don gudun kuskure na gwada sa alamar a kan sunan kowa, da niyyar in goge kamar rubutun allo. Kashegari lori biyu suka sauke manoman garin Hawata, ga damina, ba ƙwayar iri.

"Ya ustaz," in ji dattijonsu, "kwamfutar za mu shuka?"

Har yau Sarkin Gayya suke kirana. Jama'a, wa ya san yadda ake hana rajista kai gulma waje?