Rigar Kansila Ta Shiga Fim

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarar da soja suka koma bariki. Ranar na zauna a falon kansilan unguwarmu ana kallon fim ɗin barkwanci, mutum kusan talatin suna ta ƙyaƙyata dariya, ni kaɗai ina karanto duk addu'ar da aka taɓa koya min.

Bari in faro daga tushe. Gidanmu a Soron Ɗinki yake, Babanmu kuma maɗinkin babbar riga ne, ɗinkin hannu, irin wanda riga ɗaya take cin wata huɗu ana tsakurar ta da allura. Abu biyu yake tinƙaho da su a duniya, hannunsa da amanarsa. Yakan ce tun da ya fara riƙe allura, kayan wani bai taɓa kwana inda mai shi bai sani ba. Ni kuwa a lokacin shekarata ashirin da shida, na iya ɗinkin daidai gwargwado, amma zuciyata tana wajen 'yan fim, waɗanda kasuwarsu ta fara buɗewa a Kano. Aikina a gida shi ne idan an gama riga in kai ta wajen masu bugu su buge ta har ta yi sheƙi, sannan in karɓo in kai wa mai ita.

Da Alhaji Sabo, wani ɗan kasuwar Kurmi, ya ci zaɓen kansila, sai ya kawo wa Baba farar shadda a yi masa aska takwas, wato aikin nan mai tsinaye takwas a ƙirji, don ranar rantsuwa. Baba ya zuba duk abin da ya sani a rigar nan. Ranar da ya cire allurar ƙarshe ya daɗe yana kallonta, sannan ya naɗe ya miƙo min ya ce, “Kai wa masu bugu, kuma ka riƙe ta da hannu biyu.”

Da hannu biyun na riƙe ta har ɗakin abokina Ɗanjuma a Jakara (na shiga ne kawai in nuna masa, wallahi niyyata ke nan). Ɗanjuma yana shirya fim ɗinsa na farko, kuma yana neman rigar da za ta yi kama da ta mai kuɗi. Yana buɗe ƙunshin ya dafe ƙirji.

“Kwana biyu kacal,” in ji shi. “Fitowa ɗaya za a yi da ita, daga nesa ma. Ko turare ba za mu fesa mata ba. Kuma zan sa sunanka a cikin waɗanda ake yi wa godiya.”

Na ce sunan dai a bar shi. Wannan ne kaɗai hankalin da na yi a duk labarin.

Bayan kwana biyar rigar ta dawo tana warin baƙin mai, ga yagewa kamar tsawon taƙi a gefen ƙasa, wai ƙofar mota ce ta kama ta. Na zauna a ɗakin Ɗanjuma na ɗinke wajen, aka wanke, aka buge, na kai wa Alhaji Sabo a ninke. Baba kuwa na ce masa layi ne ya yi yawa wajen masu bugu, kowa yana shirin rantsuwa. Aka yi rantsuwa lafiya, rigar ta sha yabo, har ta zama ita Alhaji yake sawa duk wani taro. Na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Bayan wata uku kaset ya fito. Ba zan kama sunan fim ɗin ba don kada wani ya je nema. Labarin wani gari ne da sabuwar kwalta ta kauce masa, kasuwarsa ta mutu, matasa suka watse. Sai mutum bakwai suka hau wata tsohuwar bas za su birni su kai kuka wajen sabon gwamnan farar hula: akwai mahauci, da ungozoma, da malamin makaranta, da maroƙi, da direba da yaronsa, sai jagoransu, wani Alhaji Burga, wanda ba shi da komai a duniya sai baki da babbar riga. Na kalla a ɗakin Ɗanjuma. Tun daga fitowar farko har rubutun ƙarshe rigar tana jikin Alhaji Burga. Da ita ya tura mota, da ita bunsuru ya bi shi, da ita ya kwana a tasha. Akwai ma inda ya cusa hannu a aljihu zai biya kuɗin ƙosai ya tarar ba komai, mai ɗaukar hoto ya matso har ƙirjinsa ya tsaya, askar nan takwas suka cika talabijin.

“Wannan ce fitowa ɗayar?” na tambayi Ɗanjuma.

Ya ce, “Ai tun da ya sa ta bai cire ba, ka ga fitowa ɗaya ke nan.”

Fim ɗin kuma ya karɓu, abin da ban roƙa ba. Duk lungun da na bi zancensa ake yi. Mata sun ce ungozomar ce fim ɗin gaba ɗaya, don ita kaɗai ce mai hankali a motar. Samari sun haddace kirarin maroƙin. Wani tsoho a bakin masallaci ya ce shi bai ga abin dariya ba, haka garinsu ya mutu yana ji yana gani. Ni kuwa ba ra'ayi nake saurara ba, kalma ɗaya nake jira, kalmar riga. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko mai wanki ya ce “riga” sai gabana ya faɗi. Abinci ya daina shiga, har Innarmu ta fara jiƙa min saiwoyi tana cewa ciwon shawara ne.

Sai na yi dabara irin ta wawaye: na fara sukar fim ɗin don in rage masa masu kallo. Duk majalisar da na zauna sai in ce ba ma'ana, ba tarbiyya, ɓata lokaci ne. Ashe talla nake yi masa. Wanda bai gani ba sai ya ce bari ya je ya ga abin da ya tsone min ido haka. Cikin mako biyu na zama sanannen mai adawa da fim ɗin a unguwa, kuma wannan sunan ne ya kai ni falon kansila.

Alhaji Sabo ya ji ana cewa fim ɗin hannunka-mai-sanda ne ga sababbin 'yan siyasa, sai ya ce shi ɗan dimokuraɗiyya ne, a zo gidansa a kalla tare, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ya aiko musamman a kira ni, wai yana son jin ɓangaren adawa. Bai tsaya nan ba, ya biyo ta zaurenmu da kansa ya roƙi Baba, mutumin da bai taɓa zama gaban talabijin ba, ya ce zaman ba zai cika ba sai da dattawa. Baba ya ji kunyarsa ya amsa. Na ce cikina yana ciwo (kuma gaskiya ne), Baba ya ce in tashi in ɗauko masa takalmi.

Bayan la'asar muka shiga. An shimfiɗa darduma, an ta da janareta, ga Alhaji Sabo a kujera dab da talabijin. Ba sai na faɗa muku rigar da ke jikinsa ba.

Awa biyu na yi ina kallon riga ɗaya a wuri biyu. Ta cikin talabijin tana tura mota, ta wajen tana girgiza saboda dariya. Duk sanda aka nuno Alhaji Burga sai in saci kallon Baba. Yana zaune ya tanƙwashe ƙafa yana jan carbi, fuskarsa ba ta ce komai ba. Da aka zo wajen ƙosan nan na yi wani tari mai ƙarfi don in janye hankalin mutane, har na kusa da ni ya miƙo min ruwa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko lokacin da na faɗa rijiya ina yaro.

Aka gama, aka kashe sauti, aka buɗe fagen ra'ayi. Malam Idi, malamin firamare, ya ce fim ɗin darasi ne, mutum bakwai sun tafi neman gwamna alhali da sun haɗa kai tun a gida da sun gyara kasuwarsu. Tanko mai sayar da takalma ya ce a'a, Malam, da me za su gyara, da alli? Wani ya ce waƙar ta yi yawa, wani ya ce ta yi kaɗan. Wani ya ce bai yarda da ƙarshen ba, yaya za a sha wannan wahalar a isa birni a tarar gwamna ya yi tafiya? Alhaji Sabo ya ce shi dai ofishinsa a buɗe yake, aka tafa. Na fara jin numfashina yana dawowa. Sai Tanko ya karkata kai ya ce:

“Amma Alhaji, rigar Alhaji Burgan nan kamar 'yar'uwar taka ce fa.”

Aka yi dariya. Wasa yake yi, da na yi shiru da maganar ta wuce. Amma tsoro ba ya shawara da kowa, sai na ji muryata ta tashi sama da ta kowa.

“Haba Tanko! Wannan tsumman za ka haɗa da rigar Alhaji? Ai ko makaho ya shafa ya san ta fim ɗin ɗinkin keke ce. Aikin kwana biyu, irin na 'yan gwanjo. Dubi askar ma a karkace!”

Carbin Baba ya tsaya.

“Ɗinkin keke?” ya faɗa a hankali. Sannan ya dubi mai kula da na'urar ya ce, “Mai da mu wajen ƙosan nan.”

Aka mai da kaset baya, ƙarar nan tasa kamar a cikin hanjina. Aka tsayar da hoton daidai ƙirjin Alhaji Burga. Baba ya tashi ya sa tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

“Keke ba ta juya bakin aska haka,” in ji shi. “A duk Kano mutum biyu ne suke yi, ɗayan ya rasu, shi ya koya min. Wannan hannuna ne. Kuma aska takwas a farar shadda guda ɗaya na yi bana.”

Duk idanu suka koma kan Alhaji Sabo, shi kuma ya sunkuya yana kallon ƙirjinsa. Baba ya ce, “Alhaji, gafara dai,” ya durƙusa ya kama gefen rigar yana bi da yatsa, har ya zo wajen da ƙofar mota ta yaga. Ya tsaya. Bai ko juyo ba ya ce, “Wannan kuma hannun ɗana ne. Kullum ina gaya masa yana jan zare da yawa.”

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da ranar an yi rami a falon kansila. Na buɗe baki na ce, “Baba, ai kwana biyu aka ce,” kamar wannan ne zai wanke ni. Tanko ya toshe bakinsa da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Baba ya miƙe ya fuskanci Alhaji Sabo ya ce, “An ci amanarka a gidana. Ban sani ba, amma gidana ne. Ka yafe mana.” Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka a gaban wani mahaluƙi ba, kuma wannan ya fi min mari ciwo. Alhaji ya ce ba komai, Malam, ba komai, ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito da kaftani. Bai ƙara sa rigar ba, kuma har ya sauka daga kujera ana kiransa Alhaji Burga a bayan idonsa.

Baba ya sayi wata shaddar ya sake yi masa sabuwa ba tare da an ce ya yi ba, wata huɗu cur. Ranar da ya gama na miƙa hannu zan karɓa, sai ya naɗe ta ya sa a hammata, ya wuce ni ya tafi wajen masu bugu da ƙafarsa. Haka ya riƙa yi shekara biyu, dattijo mai ciwon gwiwa, ni ina zaune a zaure ina amsa gaisuwar mutane.

Sai da aka daɗe, har na yi aure, na samu ƙarfin halin tambayarsa. Na ce, “Baba, ranar nan da ka yi shiru ai babu wanda zai sani. Da sunanka bai taɓu ba.”

Ya ci gaba da zura zare a allura, ya ce, “Tun fitowarta ta farko na gane ta. Na yi niyyar in yi shiru sai mun koma gida, in je in ba Alhaji haƙuri mu biyu. Amana kai ka ci, zan iya ɗaukar kunyar ɗana. Amma ka ce in zauna a gaban mutane ana kiran hannuna keke?”

Darasin da na koya ke nan, kuma na ba ku kyauta: idan ka yi laifi kuma Allah ya haɗa ka da dattijo mai niyyar rufa maka asiri, to ka taimaka masa da rufe bakinka.