Ni da Karara a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Barkiya ba za su bar ni ba. Da kaka ne, bayan an sauke tutar Turawa. Ina zaune a Dutsin-Ma ba sana'a. Na bar elemantare a aji uku (ni da malamin lissafi ba mu jitu ba, kuma bulalar a hannunshi take), na taɓa ɗinki, na taɓa gyaran keke, kowanne in kwana biyu in ji ya ishe ni.

To akwai Hansatu a Barkiya. Ubanta ya gaya wa Kawuna ba ya ƙi na, amma ba ya ba mai yawo 'yarshi. In kama aiki tsayayye kafin a gama girbi, in ba haka ba akwai masu jira. Ana cikin haka sai ga labari ana neman dogaran gandun daji, za a ba su kaki, da hula, da keke. Sharaɗin ɗaya ne: sai ka je Kurfi wurin Saje Mamman, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ya koya maka zaman daji. Yadda ake neman ruwa, yadda ake hura wuta ba ashana, ciyawar da ake taɓawa da wadda ba a taɓawa.

Jama'a, ku ji rainin hankali! Ni za a koya wa daji? Ni da kakana na wajen uwa ya sha kora shanu har Maraɗi da ƙafa? (Cewa a tsakiyar gari aka haife ni, kuma iyakar dajina bayan maƙabarta, wannan ban ga dalilin faɗa wa kowa ba.)

Kawu ya ce, "Kai dai shiga ka zauna kamar kowa, me zai rage ka?"

Na ce, "Kawu, a zaunar da ni da 'ya'yan masu tireda ana nuna mani ganye? Allah ya kiyaye."

Na iske Saje a gindin kuka yana cin goro. Na ce, "Saje, ni kaki na zo amsa, ba karatu ba. Daji a jinina yake, ni jikan makiyaya ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Madalla, samari. Gobe da hantsi ka bar turba, ka ratsa daji zuwa Barkiya ka dawo kafin la'asar. Ka yi haka, na yafe maka karatun."

Ko goran ruwa ban ɗauka ba, don kada ya ce na ji tsoro.

Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne, da kaka dawa ta fi mutum tsawo, kuma duk kukokin duniya kamarsu ɗaya. Na yi ta tafiya ina wuce wani suri, in yi gaba in sake wuce shi, har muka saba. Rana ta take, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Can sai na ji muryoyin mata a bakin wata ƙorama. Na ruga da murna. Masu nono ne, ƙwarya a kai. Ina leƙawa sai na ga ta gaba: uwar Hansatu.

Ku yi mani adalci. Wane ɗan mutunci ne zai tari surukarshi gaba da gaba ya ce ta ba shi abin sha, balle ya ce ya ɓata? Ai kaucewa ake yi. Na faɗa cikin wata yaɗuwa mai 'ya'ya masu laushin gashi, na tsuguna, har na jawo ta na rufe kaina da wuyana. Dabarata in sun wuce in bi su daga nesa. Har yau ina nan a kan dabara ce mai kyau. Wurin ne bai dace ba.

Karara ce.

Na daure, wallahi na daure, na cije leɓe. Sai na ji kamar an zuba mani garwashi a riga. Na yar da rigar. Wando ya bi ta. Na fito ina birgima cikin yashi ina kiran sunan uwata.

Ɗaya ta ce, "Innalillahi! Mai iskoki ne?"

Wata ta ce, "Ina! Karara ya shiga. Ke, ba wannan ne mai zuwa wajen Hansatu ba?"

Surukata ta juya mani baya, ta fuskanci wata bishiya, ta ce da bishiyar, "A gaya wa baƙon nan ya daina susa. Ga ɗanyen kashin shanu can, ya shafa." Ta aje ƙwaryar fura a ƙasa, ta cillo wani zane ta bayanta. "In kuma Kurfi yake nema, tana bayan gonar nan."

Bayan gonar nan! Tun safe nake kewaya gari.

Haka na shiga Kurfi, shafe da kashin shanu, ɗaure da zanen surukata, ƙudaje na yi mani rakiya. Saje ko dariya bai yi ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu da zuwa, jikan makiyaya. Gobe ka zauna a gaba."

Na zauna. Na gama, na sa kaki. An kuma ba ni Hansatu, don uwarta ta ce wanda ya gwammace karara da ya haɗa ido da ita yana da kunya, hankali kuwa a hankali zai zo.

Amma abin da ke ci mani rai, har yanzu duk sabbin yaran da aka kawo, in an zo darasin ciyayi sai Saje ya aika a kira ni wai in yi bayani. Ni dai abin da nake gaya masu ke nan: dajin da kakanka ya sani da shi aka binne shi, kuma in za ka kauce wa suruka, ka fara duba inda za ka tsuguna.