Telan da Ya Datse Bakteriya

"Lafiya lau, baiwata. Ya Goggo? Har yanzu ba ta fara ba ki abinci ba ne?"

Ina zaune a shagon Sha'aban tela a bakin kasuwar Daura, ina jiran wandona da ya shiga mako na uku, sai ga taubashiyarsa Adawiyya ta faɗo a fujajan, shi ne ya tarbe ta da wannan tsokanar. Koyarwar gwaji take yi a wata sakandare, kuma da azahar mai ba ta maki zai shiga ajinta. Jiya ta kawo masa dogayen ƙyallaye biyu da ta cika da haruffa, don ya shirya mata su ta nuna wa ɗalibai DNA: ja na bairos, fari na bakteriya.

"Kai, mai kai kamar tulu, ina aikina?"

Ya zazzage mata leda. Guntaye ja da fari suka watse a kan tebur.

"Innalillahi! Har farin ka yanka?"

"Me kika ce min jiya? Maimaita, jama'a su ji."

"Cewa na yi bakteriya tana da wani almakashi, enzayim. In bairos ya cusa mata zaren DNA ɗinsa, almakashin ya bi shi, duk inda ya ga GAATTC ya datse tsakanin G da A. Bairos ya tashi guntu-guntu, ba damar hayayyafa."

"To! Na gani a ja, na datse. Na gani a fari, na datse. Ni enzayim ne mai tsoron Allah, ba na son kai."

"Enzayim mai warin baki! Ai bakteriya ba ta yanka nata!"

"Don me? Surukinta ne almakashin?"

"Don tana ɗiga wa nata shaida a daidai wurin, kamar yadda Goggo ke ɗaura wa kajinta tsumma a ƙafa. In ya ga shaida, sai ya wuce."

Sha'aban ya ɗaga guntun fari, ya duba gaba, ya duba baya, ya miƙo min.

"Malam, don Allah ka ga shaida a nan?"

Na duba da kyau, don na so in gani. Fari fat.

Adawiyya ta leƙa guntun ita ma. Can sai dariya ta ƙwace mata, har da dafa keken ɗinki.

"Na mance ban ɗiga ba! Sha'aban, na kashe bakteriyata da hannuna!"

"Allah Ya jiƙanta. Kawo in harhaɗa miki, minti goma ne."

"Kada ka taɓa! Haka zan kai. In zube su a gaban aji in ce su gaya min abin da ya kashe ta. Wanda ya gano, ya gane darasin."

Ta tattare guntayen, ta ajiye masa ƙullin furar da ta sayo wa kanta.

"Ungo, ubangidana. Yau kaɗai, kada ka saba."