Ƙwaryar Daddawar Goggo Barakatu

"Lafiya lau, angona, in dai ɓarawo ma ana amsa masa gaisuwa."

Haka Goggo Barakatu ta tari jikanta Nata'ala ran Alhamis da hantsi, tun bai gama jingine sabon babur ɗinsa a zaure ba. A Ketare kowa ya san daddawarta. Ba ta sayarwa, don sha'awa take yi ta rarraba wa dangi, kuma shekara talatin a ƙwarya guda take rufe ta, wata tsohuwa baƙa ƙirin mai tsaga har gindi. Makon jiya ta tafi gaisuwa, ta dawo ta tarar ba ƙwarya. Nata'ala, mai aiki a masaƙar Kaduna, ya zo ya ɗauke, ya ajiye mata ƙaton kwanon samira mai furanni da murfi. Ga shi matarsa Lauratu ta haihu a Kankara, Talata suna, Goggo kuwa ta riga ta cika baki gaban surukai 'yan Faskari cewa dunƙulen kanti mai takardar nan ba zai shiga tukunyar sunan ba. Dole tun ana jiran haihuwar ta zuba kalwarta a kwanon. Yau kwana uku, ta bi ƙofar ɗakin ya fi sau goma tana jan hanci, ba ta ji komai ba.

"Amarya, da ɓarawo kike tarbar mijin da ya yi miki kayan ɗaki?" in ji Nata'ala, ya durƙusa yana murmushi. "Matan Kaduna kuka suke a kan irin kwanon nan."

"To su yi ta kuka. Ni ina ƙwaryata?"

"Wace ƙwarya? Wadda ta girmi Ketare? Ai na ba gwamnati, za a kafa ta a gidan tarihi. Ke ma sun ce in kawo ki ku zauna tare."

"Kai ɗin da na wanke wa majina da gefen zanena? Ka samu ƙarin albashi ka sayi ƙarfe mai tusa, shi ke nan ka fi kowa sani. Ko kakanka, da ya fi ka kyau sau bakwai, bai taɓa sa hannu a ƙwaryar nan ba sai na ce."

"Shi tsoronki yake ji. Ni kuwa in kika matsa, saki uku."

"Ka saki mi? Wa zai ciyar da kai? Dubi wuyanka kamar marikin ludayi."

Ta faɗa ne tana waigen ɗaki. Muryar ta yi ƙasa. Nata'ala ya ja hanci shi ma.

"Goggo, ba yau ake buɗewa ba? Da tun daga bakin titi nake jin warin, har ƙudan Yargoje ke zuwa ziyara."

"Rufe min baki."

"Ko hannun ne ya tsufa?"

"Hannuna ƙalau yake. Kwanonka ne mai sanyi kamar zuciyar mai shi. Wuce ka buɗe, ni ƙafata ba za ta kai ni ba."

Ya shiga, ta bi shi har bakin ƙofa ta dafa bango. Ya yaye buhunan da ta lulluɓe, ya ɗaga murfi. Ruwa ya tsiyayo daga cikinsa. Kalwar na kwance cikin gumin da ya rasa hanyar fita, sama ta yi fari, ƙasa ta jiƙe tana tsami.

Goggo ta zauna daɓas a dokin ƙofa.

"Innalillahi. Ran Talata Hajiya Adama, kakar matarka, za ta kwance ƙullinta gaban mata, ta ce ga na kanti, tunda na Ketare ya gagara. Shekara talatin ban ji kunya ba sai a sunan ɗanka."

"Sai mu ce musu sabuwar yayi ce, daddawar Turawa, ba ta wari."

"Nata'ala, bar wasa."

Jin ta kira sunansa ba ango ba, ya daina dariya.

"Akwai sauran kalwa?"

"Tiya biyu, su ke nan. In na dafa yau, na surfa gobe na rufe, Litinin ta yi. Amma a mi? Sabuwar ƙwarya ba ta san aikin ba. Waccan ce ta riƙe irin a jikinta."

Ya fita zaure. Ya dawo da ƙullin tsumma daga bayan babur, ya kwance a gabanta. Ƙwaryar ce. An ɗinke tsagar tun daga baki har gindi, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran yaro.

"Na ga saura kaɗan ta rabe biyu, kuma na san ko da kuka ba za ki ba ni ba. Kullum in na taso aiki sai in yi kaɗan, yadda kakana Malam ya koya min."

Goggo ta shafa ɗinkin da yatsa. Hannun marigayi mijinta sak, har yadda yake ɓoye ƙulli ta waje. Sai kuma ta ɗago da sauri.

"Ka wanke ta?"

"Wace?"

"Kada ka yi min wace! Ku 'yan Kaduna komai sai kun dirje da garin sabulu. In ka wanke ta ka kashe ni. Faɗi gaskiya."

"To, Lauratu dai ta ɗebo ruwan zafi da soso..."

"Na shiga uku!"

"...na ce in ta taɓa, tsohuwa za ta tsine mana har jikoki. Ta ce to in zaɓa, ko ita ko ƙwarya. Na zaɓi ƙwarya. Da ƙwaryar na koma Kaduna, masu gidan haya suka yi taro a kaina. Jiya a hanya, duk inda na tsaya shan mai sai mutane su dare."

Goggo ta tusa fuska cikin ƙwaryar ta ja numfashi mai tsawo. Warin na nan, tsoho, mai kauri, yadda ta bar shi. Ta ɗago idonta da ƙwalla tana ƙyaƙyata dariya.

"Ashe dai na yi miji. Mummuna ne, amma na yi."

"To a ba ango tukuici."

"Ga shi nan." Ta tura masa kwanon samira da ƙafa, da tsamin da komai. "Kai wa Lauratu ta yi wa jariri wanka, abin da ya iya ke nan. In ka zubar ka cire agogon nan ka hura min wuta. Gobe kai za ka yi surfe."